Wa Ke Duba Bayan Mai Aikin Haƙori?

 

Sharhinmu na yau a kan kujera yake: kujerar da mai aikin haƙori yake zama a kanta, da wadda mataimakinsa yake zama a kanta, in ma an ba shi ita. Na san wani zai ce, a ƙasar da mutum yakan hau amalanke ko kabukabu ya yi tafiyar rabin yini da kumburarren kunci kafin ya ga wanda zai duba masa baki, ina ruwanmu da mazaunin likita? Ku ba ni aron kunnuwanku, za ku ga doguwar tafiyar nan da kujerar nan igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

A ƙidayar jama'a ta 2012, gundumar Mayahi da ta Tasawa kowace ta haura mutum dubu 500. Su biyun sun zarce miliyan tun a wancan lokaci, kuma kowa ya ga yadda aka ƙaru daga nan zuwa yau. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Nuwamba na 2022 ya ce mutum biliyan 3.5 ne ke fama da ciwon baki da haƙori a duniya, kimanin miliyan 480 daga cikinsu a yankin Afirka. Likitocin haƙori kuwa a wannan yanki kimanin 3 ne kawai ga kowane mutum dubu 100. Nijar tana ƙasa da wannan ma, nesa ba kusa ba, kuma 'yan kaɗan ɗin da muke da su yawancinsu suna Yamai da sauran manyan birane. Saboda haka a ƙasarmu ta karkara, aikin haƙori yakan faɗo a kan duk wanda aka samu: likitan haƙori in da rabo, ko ma'aikacin jinya da aka koya masa cirewa, ko majo, wato shugaban ƙaramin asibitin da ake kira CSI, ko tawagar likitocin da takan zo ta yi kwanaki ta koma. In irin wannan mutum ɗaya ya kwanta da ciwon baya, ba wani a bayan ƙofa da zai karɓi awartakin daga hannunsa. Mai ciwo a Tasawa sai ya nemi kuɗin mota ya yi kilomita sama da 100 zuwa Maraɗi, ko ya koma gida ya sa kanumfari a kogon haƙori ya jira abin da Allah zai yi.

To me ke karya bayan mai wannan aiki, alhali ba buhun gero yake ɗauka ba?

Baki wuri ne ƙarami, mai duhu, mai jiƙa, kuma abin da ake nema a cikinsa wani lokaci bai kai ƙwayar gero ba. Wanda yake son ya ga turmin haƙorin sama na can ƙurya, in marar lafiya yana zaune tsaye a kujera, dole ya sunkuya, ya karkatar da wuya, ya murɗa ƙugu, ya ɗaga gwiwar hannu sama, sa'an nan ya daskare a haka. Daskarewar ita ce babbar illa. Tsokar da ke motsi jini yana shiga yana fita, tana ci tana hutawa. Tsokar da aka ɗaure wuri ɗaya minti goma ko ashirin, jini yakan ragu a cikinta, gajiya ta taru, zafi ya fara. A yi haka da mutum ashirin ko talatin ranar kasuwa, a yi shekara da shekaru ana yi, sai abin da ya fara da tsamin jiki na maraice ya zama ciwon da ke tashin mutum daga barci.

Kan babban mutum yana da nauyin kilo 5 ko kusa da haka. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya buga lissafi a 2014 cewa in aka sunkuyar da kai digiri 30, nauyin da wuya ke ji yakan kai kilo 18, in aka kai digiri 60 kuma ya kai kilo 27. Tun kafin shi, a shekarun 1960, Alf Nachemson na ƙasar Suwidin ya auna matsin da ke cikin guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya a jikin mutane masu rai, ya ga matsin yana hawa sosai in mutum ya zauna ya duƙa gaba. Wannan guringuntsi shi ne in ya gaji ya turo, ya danne jijiya, sai ka ji mutum yana cewa zafi na sauko masa daga ƙugu zuwa ɗuwawu har tafin ƙafa. Hannu ma yana da nasa rabo. Riƙe siririn ƙarfe da ƙarfi tsakanin yatsu uku, wuyan hannu a lanƙwashe, yakan matse jijiyar da ke ratsa wuyan hannu, sai babban yatsa da manuni da na tsakiya su riƙa sagewa, musamman da dare. Ranar da yatsun nan suka daina jin abin da suke riƙe da shi, aikin haƙori ya ƙare wa mutum ko da idonsa garau yake.

Abin ba na mutum ɗaya ko biyu ba ne. A 2009 wasu masana uku a Ostireliya sun tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka ga tsakanin kashi 64 zuwa 93 cikin 100 na masu aikin haƙori suna kukan ciwon tsoka da ƙashi, akasari a baya da wuya. Yawancin waɗannan ƙasashe suna da kujeru masu tsada da lantarkin da ba ya yankewa. Sai ku kwatanta da wanda yake aiki a tsaye, marar lafiya a kujerar roba, wani yaro yana haska masa baki da tocilar salula.

A da can, ko a Turai da Amurka, likitan haƙori a tsaye yake wuni, nauyinsa a kan ƙafa ɗaya, ɗayar tana taka injin. A 1958 wani Ba'amurke mai suna John Naughton ya ƙera kujerar da ke kwantar da marar lafiya rigingine, ta yadda likita zai zauna. A shekarun 1960 kuma Jami'ar Alabama ta tsara aikin da ake kira na hannu huɗu: likita da mataimakinsa duk a zaune, kan marar lafiya a tsakaninsu, mataimaki yana miƙa kayan aiki a hannu ba tare da likita ya ɗaga ido ko ya juya baya ba. Dabarar da ke ƙarƙashin duk wannan, wanzamin garinku ya san ta. In yana aski, ba ya zagaya kai yana leƙe, kan yake juyawa ya kawo shi inda askarsa take. Haka ake so a aikin haƙori: a kawo baki inda hannu da ido suke, a bar gadon baya a miƙe.

Yanzu ga wurin da nake so mu daɗe a kansa, domin shi ne ya shafe mu kai tsaye. Kwantar da marar lafiya bai dogara da kujerar miliyoyin sefa ba. A tsakiyar shekarun 1980, wani likitan haƙori ɗan ƙasar Holan, Jo Frencken, yana aiki a Tanzaniya inda babu lantarki kuma injinan da aka kawo sun lalace. Ya fito da hanyar cike haƙori da kayan hannu kawai: a kankare ruɓaɓɓen wurin da ɗan ƙarfe mai baki kamar cokali, a cike da wani irin siminti na haƙori da ke kama jikinsa yana kuma sakin sinadarin da ke ƙarfafa shi. Ana kiran hanyar ART. An gwada ta a Tailan da Zimbabuwe, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta gabatar da ita ga duniya ranar 7 ga Afrilu, 1994. Abin da ya fi jan hankalina a cikinta shi ne tsarin zaman. Marar lafiya yana kwanciya rigingine a kan tebur ko gadon katako, a sa masa matashi a ƙarƙashin wuya. Mai aiki yana zama a kujera daga bayan kansa, baya a miƙe, ƙafafu a ƙasa, ya duba baki daga sama. Tebur, matashi, kujera mai tsayin da ya dace, da haske. Babu CSI ɗin da ya rasa tebur, kuma babu makarantar boko a Mayahi ko Tasawa da ba za a iya haɗa tebura biyu a shimfiɗa katifa ba ranar da aka zo duba haƙoran yara.

Ba na cewa abin ba shi da wuyarsa. Dattijo mai furfura ba ya son a ce masa ya kwanta rigingine a gaban yaron da ya haifi kamarsa. Matar aure kuma tana da kunyarta da mutuncinta, kuma tana da gaskiya. Maganin wannan labule ne, da mayafin da za a rufa mata daga ƙirji zuwa ƙafa, da mace mataimakiya ko 'yar rakiya a ɗakin, da magana mai daɗi: "Baba, in kun kishingiɗa zan fi ganin haƙorin, kuma za mu gama da wuri." Mutanenmu in aka yi musu bayani da ladabi ba sa ƙi. Akwai kuma waɗanda bai kamata a kwantar da su sosai ba, kamar mai tsohon ciki, wadda ake so ta ɗan karkata gefen hagu, da mai ciwon zuciya ko mai numfashi da ƙyar. Sai matsalar yawu da jini, tunda inda babu injin zuƙa, ruwa yakan taru a maƙogwaro. A nan auduga da bandeji da ƙaramin kwano a kusa su ne abin dogaro, a riƙa juya kan marar lafiya gefe ya tofar. Cire haƙori kuma, musamman mai taurin saiwa, sau da yawa ya fi daɗi a tsaye, kuma ba laifi. Sai dai a daidaita tsayi: in na sama ne a ɗaga marar lafiya a kishingiɗar da shi, in na ƙasa ne a sauke shi har bakinsa ya zo daidai gwiwar hannun mai cirewa ko ƙasa kaɗan. Wanda ke cuɗanya zama da tsayuwa a cikin yininsa ya fi wanda ya liƙe wa ɗaya lafiya.

Mu dawo kan kujerar mai aikin kanta. Wadda ta dace ita ce wadda in ka zauna tafin ƙafarka biyu suna ƙasa daram, ƙugunka ya ɗan fi gwiwarka tsayi, cinyoyinka sun ɗan gangara gaba. Masana suna cewa kusurwar da ke tsakanin ciki da cinya ta kai digiri 110 ko fiye, domin a nan ne ƙasan baya yake riƙe lanƙwasarsa ta halitta ba tare da wahala ba. Gwiwar hannu ta zauna kusa da haƙarƙari, kafaɗu a sake, tazarar ido da baki kamar santimita 35 zuwa 40, kai kuma kada ya sunkuya fiye da digiri 20 zuwa 25. Tunda tsayin mutane ba ɗaya ba ne, dole kujera ta zama mai hawa da sauka. Akwai irin wadda aka yi wa siffar sirdi, wadda wata ma'aikaciyar lafiya a Ostireliya, Mary Gale, ta ƙirƙiro bayan ta lura cewa naƙasassun da ba sa iya zama a miƙe a kujera suna iyawa a kan doki. Tana da amfani ƙwarai, amma tana ɗaga mutum sama, don haka sai an ɗaga marar lafiya shi ma, kuma mace mai ɗaure da zane ba za ta ji daɗinta ba sai da wando a ƙarƙashin rigar aiki. Ni a ganina, a wurinmu, kujerar da mai walda zai haɗa ta fi saurin isowa: ƙafa biyar don kada ta kife, bututu a cikin bututu da ramuka da ƙusa ko zaren dunƙule don hawa da sauka, mazauni mai ɗan gangara gaba, soso mai tauri, da fata ko leda da za a iya gogewa da ruwan jabel. Masu waldan da ke ƙera amalanke da ƙofofi da gadaje a Tasawa ba za su gaza wannan ba in aka ba su awo. Kuma in ta lalace, a nan za a gyara ta, ba kamar mai famfon iska ba, wadda in ƙurar hunturu ta cinye robarta sai ta zube ƙasa ta zama ta ajiya.

Mataimaki shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma sau da yawa mace ce, wani lokaci ma 'yar sa-kai ko ɗaliba da ke koyon aiki. Ita ce ke riƙe kunci, ita ce ke riƙe fitila, ita ce ke leƙe ta saman hannun likita, ita ce kuma in an tashi za ta duƙa a kan bokiti tana wanke ƙarafa. A tsarin hannu huɗu, mataimaki yana zama sama da likita da santimita 10 zuwa 15 don ya hango baki ta saman hannunsa, kuma tunda ƙafarsa ba za ta kai ƙasa ba, kujerarsa tana da zoben ƙarfe na ɗora ƙafa, da wani madogari a gaba da yake jingina ciki a kansa. Tiren kayan aiki ya zauna inda hannunsa zai kai ba sai ya murɗa baya ba. Wurin wanke kaya kuma a ɗaga shi daidai ƙugu. Duk wanda ya sayi kujera ɗaya a ɗakin da mutum biyu ke aiki, rabin matsala ya gyara.

Haske kuwa, ina iya cewa rabin sunkuyon da ake yi neman gani ne. Fitilar goshi mai caji, wadda ake cika ta da sola, tana kai haske daidai inda ido ya dosa, tana kuma 'yanta hannun mataimaki. Ɗan madubin nan na baki an yi shi ne don a ga haƙoran sama ba tare da an karya wuya ba, amma da yawa suna jan kunci da shi kawai, domin aiki ta cikin madubi sai an koya an saba. Tabarau mai ƙara girman abu yana taimakawa ga mai hali. Wanda ya haura shekara 40 kuma ya je a auna masa ido, domin sau da yawa tabaran karatu ne ya rasa, shi ya sa wuyansa ke ciwo. Ƙarafan aiki su zama masu kaifi, masu kaurin mariƙi kamar milimita 10, marasa nauyi. Dakusasshen ƙarfe ƙarfin yatsa yake ci. Safar hannu da ta matse ita ma haka.

Ina da magana ga masu sayen kaya da masu kawo gudummawa, 'yan siyasa ne ko ƙungiyoyi ko 'ya'yan gari da ke zaune a waje da suke son su taimaki mahaifarsu, kuma Allah ya saka musu. Kowa yana son ya kawo babbar kujerar marar lafiya mai maɓallai, domin ita ke cika ido ranar biki. Amma irin wannan kujera da lantarki take hawa da sauka. Mun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, har da layin da ke shigowa daga Katsina zuwa Gazawa, wanda Maraɗi da Damagaram suka dogara da shi. Ko ba wannan ba, kowa ya san yadda wuta ke yi a watannin zafi. Kujerar da ta tsaya cak a tsayin da bai dace ba, likita ne zai lanƙwasa jikinsa ya bi ta. Wadda aka kawo daga Amurka kuma galibi ta bolt 110 ce, mu kuwa 220 muke da shi. Akwai kujeru masu famfon ƙafa da ba ruwansu da wuta, akwai masu naɗewa da za a ɗora a bayan mota a kai ƙauyukan Gulbin Kaba. Tun shekara ta 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin kyautar kayan asibiti, kuma jigonsu shi ne a tambayi mai karɓa abin da yake bukata, a tabbatar akwai mai gyara da kayan gyara. To a tambayi wanda zai zauna a ɗakin. Kuma in ana rubuta takardar saye, a sa kujerar likita da ta mataimaki da fitilar goshi a layi ɗaya da babbar kujerar, kada a bar su a ce sai an samu rara.

Dokar ƙwadago ta ƙasarmu ta 2012 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin kare lafiyarsu a wurin aiki. Masu ɗakunan jinya masu zaman kansu su san da wannan. A asibitin gunduma da CSI kuma, kwamitin gudanarwa, wato COGES, da babban likitan gunduma suna da ikon sanya irin wannan ƙaramin saye a cikin tsarin shekara. Kuɗin kujera biyu na walda da matashi da fitila ba wani mai yawa ba ne.

Ku kuma 'yan uwana masu wannan aiki, lokotoro da majo da mataimaka, akwai abin da ke hannunku tun gobe da safe. Tsakanin marar lafiya da marar lafiya, ku miƙe tsaye, ku mayar da kafaɗu baya, ku sa hannu a ƙugu ku ɗan banƙare, ku buɗe yatsu ku rufe, ko na rabin minti ne. Kada ku jera masu wuyar cirewa a jere, ku sa mai sauƙi a tsakani. Mu ma da muke jira a benci, in mun ga likita ya fito ya miƙe jiki, kada mu yi gunaguni. In kuwa har yatsu sun fara sagewa da dare, ko ƙarfe ya fara suɓucewa daga hannu, ko zafi yana sauka daga ƙugu zuwa ƙafa, kada a tsaya ga ƙwayar kashe zafi ta bakin kasuwa. Irin su diklofenak, in aka daɗe ana sha, suna taɓa ciki da ƙoda, ciwon kuma yana nan yana ci. A je a ga likita a asibitin gunduma, in ta kama a nemi takardar turawa zuwa Maraɗi wurin masu gashin ƙashi da motsa jiki, a kuma sa a rubuta a takarda cewa daga aiki ciwon ya samo asali.